Wayar da Ba Ta da Waya: Sunayen Ciwon Intanet a Bakin Gadar Malanville

Wani hantsi na zauna a rumfar wani mai gyaran waya a gefen babbar kasuwar Malanville, ina jiran a canja mini gilashin da ya tsage. Rumfar ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Teburi ɗaya ne, da ɗan ƙarfen narka dalma, da tsohon buroshin haƙori da ake goge cikin waya da shi, sai igiyoyin caja a rataye kamar shanyar kilishi. Kafin a gama nawa aikin mutum huɗu sun zo. In ka ɗebe wani direba da ya fito daga Kamba, wanda ya ce "sabis", sauran duk kalma ɗaya suka ajiye a kan teburin tare da wayoyinsu: "Ba rezo."

Na farkonsu dattijo ne mai fataucin albasa, ƙanshin hajarsa na biye da babbar rigarsa. Saurayin mai gyaran, wanda ke juya harshe tsakanin Dendanci da Hausa da Faransanci kamar mai juya waina a tanda, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya ce, "Baba, wane rezon ne babu? Na kira, ko na saƙo?" Dattijon ya ce shi dai bai taɓa jin rezo yana da 'yan'uwa ba. Muka yi dariya, amma tambayar ta tsaya mini a rai. Mutanen nan huɗu ciwonsu huɗu ne, ba wanda ya yi kama da na wani, kuma ba wayar da aka kwance wa ko sukuru ɗaya. Aikin saurayin bai wuce ya raɗa wa kowane ciwo sunansa na gaskiya ba, magani ya biyo baya da kansa. An ce suna linzami ne. To wanda ya sa wa jaki linzamin doki, kada ya yi mamakin inda aka kai shi.

Garin ma kansa yana koya wa baƙo kada ya gaskata kunnensa. Bahaushe in ya ji "Malanville" sai ya jiyo "Malam" a ciki, ya ɗauka wani malami ne ya kafa shi da almajiransa. Ba malami a zancen. Sunan Henri Malan ne, gwamnan Faransa a Dahomey, wato Benin ta yau, a farkon ƙarni na 20, aka liƙa masa kalmar Faransanci mai nufin gari. Tsohon sunan wurin Tassi, wato yashi da Dendanci, kuma yana nan bai mutu ba a sunayen unguwanni irin su Tassi-Tédji da Tassi-Zénon. Garin yana yankin Alibori, ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Kogin Kwara na gindinsa, Gaya ta Nijar na tsallake, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba nisa. Kalmomin ƙasa uku ke cin kasuwa ɗaya a nan, shi ya sa wurin ya dace da mai son bin diddigin suna.

Mu fara da ita kanta "waya". Kalmar Ingilishi ce da ke nufin siririn ƙarfe, irin wanda ake ɗaure shinge da shi. Ta shigo Hausa ne lokacin da Turawa suka kafa turaku suka miƙa ƙarfen tangaraho daga gari zuwa gari, sai "buga waya" ya zama aika saƙo. Da aka zo da na magana aka ce wayar tarho. Da aka zo da wadda ba ta bin turke, kakanninmu ba su tsaya neman ƙamus ba, suka ce "wayar iska". Ina jinjina wa wanda ya fara faɗin wannan. Bature mai Ingilishi ya kira abin da "marar waya", mai Faransanci ya ce "marar zare", duka biyun abin da babu suka ambata. Bahaushe kuwa ya ambaci abin da ke ɗauke da saƙon. Gaskiya ne masana za su ce ba iskar da muke shaƙa ke ɗaukarsa ba, igiyoyin rediyo ne da ke ratsa ko da sararin da ba iska. Amma a Hausa iska ta fi ƙarfin wadda ke kaɗa ganye. Duk abin da ba a gani, yake zuwa ya tafi ba sallama, yake kama wani ya bar wani, iska ne. Wanda ya taɓa ɗaga waya sama yana zagaya tsakar gida ya san sunan bai yi ƙarya ba.

Yau ga mu riƙe da abin da muke kira waya alhali ba waya a jikinsa, har mukan ce "wayar hannu", ko "tafi-da-gidanka", ko kuma babbar cikinsu da gidajen rediyo suka raɗa wa "komai-da-ruwanka". A Malanville da Gaya an fi cewa "salula" ko "fortabul", babbar kuma "androyid", ko da wane kamfani ya ƙera ta. Salula tana da labari. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin ƙaramin ɗaki, kuma ita ce ta haifi "sel" ɗin ofishin 'yan sanda. Dalili shi ne an yanka ƙasa ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da dogon ƙarfensa, wanda mutumin Kamba ke kira ƙarfen sabis, na Malanville ya ce "anten". Kana tafiya, wayarka na fita wannan ɗaki tana shiga wancan ba ka sani ba. Haruffan GSM ma, da suka mamaye bakin 'yan Najeriya tun 2001 har suka zama sunan kasuwanni, asalinsu Faransanci ne: sunan wani kwamitin ƙasashen Turai da aka kafa a 1982 don ya tsara wayar hannu.

"Rezo" kuwa daga Faransanci take, kuma can asali raga take nufi, irin ta kamun kifi ko tsuntsu. Takwararta ta Ingilishi, "netwok", ita ma raga ce. Mu muka ɗauko tamu daga saƙar gizo-gizo muka ce yanar gizo. A garin da masunta ke shanya taru da birgi a bakin kogi, ba sai an yi dogon bayani ba: raga in ta yage a ido ɗaya, kifi ta nan zai fita, sauran idanun kuwa lafiyarsu lau. Matsalar kalmar ita ce faɗinta. Da "rezo" ake kiran sandunan nan na saman waya, da ita ake kiran kamfanin, da ita ake kiran intanet, da ita ake kiran wifi ɗin maƙwabci. "Sabis" ta mutanen Najeriya ba ta fi ta ba. Ma'anarta hidima, kuma ita ma ta zama buhun da ake zuba komai.

Ciwon dattijo mai albasa ciwon bakin iyaka ne. Saurayin ya nuna masa wani ɗan harafi, R, da ya fito kusa da sandunan. Ya ce, "Baba, wayarka ta haye Gaya ta bar ka a nan." Da asuba dattijon ya je bakin kogi tarbar kaya, wayar ta jiyo ƙarfen tsallake ya fi na gida ƙarfi a wannan wuri, ta maƙale masa, ba ta kuma sake shi ba. A ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta raba gardamar iyaka tsakanin Benin da Nijar, ta ba Nijar tsibirin Lete, ta kuma ce iyakar a kan gadojin Gaya da Malanville tana bin layin da ke cikin ruwa. Tun bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar, kuma ko da ECOWAS ta janye takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata gefen a toshe, mutane suka koma kwale-kwale. Duk wannan bai shafi igiyar rediyo ba. Ita ba ta san hukuncin kotu ba, ba ta tsayawa a shingen jandarma.

Turawan Ingila suna kiran wannan hali da kalma mai nufin yawo, wadda samari ke furtawa "romin". Na Faransa suna da tasu mai nufin bin hanya. Ni da za a tambaye ni, "baƙunci" zan ce, don shi ya fi fito da abin da ke faruwa: layinka ya zama baƙo a gidan wani kamfani, baƙo kuwa ba ya cin tuwon da ya bari a gida. Kowane layi yana ɗauke da lambar ƙasarsa a ɓoye, ba wadda muke dannawa kafin kira ba, irin 229 ta Benin, 227 ta Nijar da 234 ta Najeriya. Wata ce daban da na'urori ke gane juna da ita: 616 Benin, 614 Nijar, 621 Najeriya. Da ita ƙarfen tsallake ke sanin kai ba ɗan gida ba ne. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne sunayen kamfanonin suna maimaita kansu. Akwai Moov Africa a Benin da Nijar, akwai MTN a Benin da Najeriya, akwai Airtel a Nijar da Najeriya. Celtiis, da aka buɗe a 2022, na Benin ne kaɗai, Zamani Telecom kuma na Nijar. Suna ɗaya ba ya nufin tukunya ɗaya. Kowanne da lasisin ƙasarsa, kuma abin da ka saya a wannan gaɓa, in ba na ƙetare ba ne musamman, ba ya bin ka waccan.

Maganin bai kai minti biyu ba. Saurayin ya shiga wajen zaɓen kamfani, ya kashe zaɓen da waya ke yi da kanta, ya jira sunaye suka jeru, ya danna na gida da hannunsa. R ya ɓace, saƙonnin murya suka fara faɗowa kamar an kwance bakin buhu. Ya kuma gargaɗi dattijon cewa akwai wani maɓalli na barin intanet ya yi aiki a baƙunci. In yana kashe, ba intanet a tsallake. In yana kunne, akwai intanet, amma kuɗi na iya zurarewa kamar ruwa a kwando.

Direban Kamba nasa daban. Ya sayi sabon layin Benin ya sa a rami na biyu, kira yana shiga, WhatsApp ya ƙi motsi. Shi "layi" yake cewa, gadon zamanin da kowane tarho ke da igiyarsa, ko kuma "sim". Mai gyaran kuwa "fus" yake cewa, daga kalmar Faransanci da ainihin ma'anarta ƙuma, ƙwaron nan mai tsalle, saboda ƙanƙantar abin. Wanda ya raɗa wannan suna ya yi duba, don ƙumar nan ta iya shan jini. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu, duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a China, kuma layi biyu na cikin abin da ya sa suka karɓu. Sai dai layi ɗaya ne ke ɗaukar intanet a lokaci guda. Na direban yana kan layin Najeriya da ya bari a kunne. Da aka mayar kan na Benin ma sai da ya ƙi, har saurayin ya leƙa wani lungu mai haruffa uku, APN, ya tarar ba komai a ciki. Wannan shi ne ciwon suna tsantsa, don ma'anar haruffan ita ce sunan ƙofar shiga. Kowane kamfani da sunan da waya za ta ambata kafin a buɗe mata hanyar intanet. Galibi yakan sauko da kansa in an sa layi. In bai sauko ba, sai a mayar da wurin yadda kamfani ya tsara, ko a tambayi wakilinsu a rubuta da hannu.

Ta uku wata Hajiya ce mai sayar da atamfa, ta zo da faɗanta. Ta ce jiya-jiyan nan ta sa jaka guda, yaya za a ce ba intanet? Saurayin ya ce, "Hajiya, kiredi kika sa, ba forfe ba." A nan ma sunaye ne suka cakuɗe. "Kiredi" shi ne kuɗin da ke cikin layi, wanda mutumin Najeriya ke kira "kati" tun zamanin da ake kankare shi da farce. "Forfe" shi ne ƙunshin da ake saya da wannan kuɗin, mai adadi da wa'adi. Da Hausa ta gado ana da kalmarsa: jinga. An yanke farashi tun farko, ka cinye ko ba ka cinye ba, in rana ta cika an gama. Abin da ke cikin jingar, a Kamba "data" ne, a Malanville "mega". Data kalmar Latin ce mai nufin abubuwan da aka bayar, ta Faransancin ma haka take nufi, ko da yake ban taɓa ganin inda aka bayar ba a karɓi kuɗi ba. Mega kalmar Girka ce, babba, a lissafi kuma miliyan. Giga daga kalmarsu ta ƙato take. Saƙon kamfanin Najeriya zai rubuta MB da GB, na Benin ya rubuta Mo da Go, abu ɗaya ne, harafin ƙarshe ne kawai kowa ya ɗauko daga harshensa. A bakin masu saye kuwa duk wannan bai taso ba: "Sa mini mega na dala ashirin," wato sefa 100.

Ba a nan kaɗai "ba rezo" ke ɗaukar laifin da ba nata ba. Daga 30 ga Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin suka tashi daga 8 suka koma 10, aka ƙara 01 a gabansu. Duk wanda bai gyara tsofaffin lambobin da ya adana ba, kiransa ya daina shiga, rezo ya sha zagi ba hakkinsa.

Ta huɗun ce ta kawo mu ga asalin wayar iska ta wannan zamani. Yarinya ce 'yar makaranta, da ɗan tikiti a hannu, ta saya a wani "wifi zon" da ke kusa. Sana'a ce da ta yaɗu a Benin da maƙwabtanta: mutum ya jawo intanet gidansa ko shagonsa, ya kafa eriya a kan dogon ƙarfe, yana sayar da lambobin shiga na awa ko na yini ko na mako. Alamar wifi, mai kama da buɗaɗɗen mafici, ta cika taf a wayarta, amma ba abin da ke buɗewa.

Ita wannan kalma, da mutanen Malanville ke furtawa "wifi" na Kamba kuma "wayfay", ba ta da ma'ana ko kaɗan, kuma ba wasa nake ba. Sunan fasahar na ainihi lamba ce, 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997. Da kamfanoni suka ga ba mai sayen kaya da irin wannan suna, a 1999 suka ɗauki hayar wani kamfanin raɗa suna, Interbrand, ya ƙago musu Wi-Fi, don ya yi amo da "hi-fi" na kayan sauti. Phil Belanger, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kamfanonin, ya sha bayyana cewa haruffan ba gajarta komai suke ba. Fassarar da ake yawo da ita daga baya aka liƙa. Ke nan masu wahalar neman fassara ta kalma-da-kalma suna tatsar sa ne. Ni a ganina a bar ta wifi yadda baki ya saba, in kuma ana son Hausa tsantsa, ga wayar iska nan tana zaman banza tun da tangaraho ya mutu.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne a san iyakar abin. Wifi ba intanet ba ne. Ɗan gajeren tsalle ne, na 'yan mitoci goma-goma, daga wayarka zuwa akwatin nan mai ƙaho da ake kira "rawuta" ko "bokis". Tiyo ne tsakanin tanki da bokitinka, tiyo ɗin ma kalmar Faransanci ce muka ara tuntuni muka manta. Cikar mafici tana nufin tiyo bai huje ba. Ba ta ce akwai ruwa a tanki ba.

Waya takan faɗi ciwonta da bakinta a ƙarƙashin sunan wifi ɗin, mu ne ba ma karantawa, ko kuma tana faɗa da harshen da ba ma ji. In ta ce an adana, ba ta kuma haɗu ba, ko ta ce an kasa tantancewa, to kalmar sirri ce, wadda ake kira "kod" a nan. Ko mai gida ya canja ta, ko an rubuta ƙaramin harafi a gurbin babba, ko an sa sifili a gurbin O. Wanda ya saba da allon rubutun Ingilishi ya ɗauki wayar da aka saita da Faransanci, sai yatsansa ya je neman A ya dawo da Q, don wuraren haruffan ba ɗaya ba ne. In ta tsaya tana cewa tana neman adireshi, akwatin ne ya cika da jama'a ko ya rikice, maganinsa a zare shi daga wuta a ƙirga talatin a mayar. In ta ce an haɗu amma ba intanet, to tankin ne: jingar mai gidan ta ƙare, ko nasa layin ya yanke. A irin wannan, ko ka kwana kana shafa wayarka ba abin da zai sauya.

Na yarinyar bai kai nan ba. A wifi zon, bayan an haɗu akwai wani shafi da ya kamata ya buɗe, inda ake rubuta lambar tikiti. Nata bai buɗe ba. Saurayin ya kashe mata data ta layi, ya buɗe manhajar bincike, shafin ya fito. Da ta sa lambar sai aka ce wani yana amfani da ita. "Ƙanwata, ke ce wanin," in ji shi. Kowace waya tana da lambar shaida da akwati ke gane ta da ita, kuma tikitin yakan ɗaure da wannan lamba. Tun daga Android 10 na 2019, da iOS 14 na 2020, wayoyi sukan nuna lambar aro maimakon ta ainihi, don kada a riƙa bin sawun mai su. Tsari ne mai kyau, sai dai in lambar aron ta sauya, akwatin zai ɗauka baƙuwar waya ce ta zo da tikitin sata. Ya saita mata wayar ta riƙa nuna lambarta ta ainihi a wannan wifi kaɗai, ya ce ta koma wurin mai zon ya sake mata tikitin.

Wani ruɗanin kuma na lamba 5 ne. Za ka ga sunan wifi ɗaya ya fito sau biyu, na biyun da 5G a wutsiya, sai a yi ta rububinsa ana zaton sabon zamanin nan ne da ya gaji 4G. Ba shi ba ne. A kan layi, G na nufin zamani ko tsara: E ɗin da ke sa mutum tsaki na tsara ta biyu ce, H ta uku, sai 4G. A kan wifi kuwa, 5 ɗin gigahaz 5 ne, mitar igiyar, kishiyar gigahaz 2.4. Mai 5 ta fi gudu amma ba ta da nisan zango, bango ɗaya ko biyu sun ishe ta. Mai 2.4 ta fi haƙuri da katanga. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe kuwa, irin na shagunan kasuwa, abokan gabar duka biyun ne. Wanda ke can ƙuryar shago, mai 2.4 ta fi masa.

Sunaye biyu cikin magungunan suna ba ni dariya. Ɗaya "manta": ka umarci waya ta manta da wifi, sannan ka gabatar mata da shi kamar ba su taɓa haɗuwa ba, tsohuwar kalmar sirrin da ta riƙe ta tafi. Da ana yi wa mutane haka da an huta da shari'u. Ɗayan "jirgi", wanda a nan ake cewa "mod abiyon". A Malanville in ka ce jirgi, kwale-kwale ake fara kawowa a rai, amma na sama ake nufi. An yi maɓallin ne don matafiya su kashe duk igiyoyin wayarsu a cikin jirgi. Yau galibin masu danna shi ba su taɓa taka matakalar jirgi ba. Suna kunna shi su kashe ne don waya ta saki ƙarfen da ta maƙale wa, ta sake gaisawa da na kusa. Sau da yawa ma ya isa ya dawo da wadda ta haye Gaya.

Akwai kuma sunan da ba na dariya ba. Hajiya mai atamfa, kafin ta zo, wani ya ce mata sai an yi wa wayar "filashin". A Hausar Najeriya kalmar tana da fuska biyu. Akwai filashin na kira ka katse don a kira ka, wanda a nan ake cewa "bipe". Akwai kuma filashin na masu gyara, wato a shafe ƙwaƙwalwar waya a zuba sabuwa, ɗan'uwan abin da a nan ake kira "formate". Haka "riset" ma iri biyu ce, kuma suna zaune kusa da juna a cikin waya. Ta farko tana goge saitin sadarwa kaɗai: wifi ɗin da aka adana da kalmomin sirrinsu da makamantansu. Ta biyu tana mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, hotuna da lambobi da saƙonnin murya duk su tafi. Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarnar a wani gari, na miƙa waya na ce a yi mata riset ban ce wacce ba, muryar mahaifiyata da ke ciki ta tafi ke nan. Ga 'yar kasuwar da bashin da take bi duk yana cikin saƙon murya, wannan ba gyara ba ne, gobara ce. Lalacewar eriyar cikin waya ko ɗan "ayisi" nata tana faruwa, musamman in ta faɗa ruwa ko ta sha ƙasa, amma ita ce ta ƙarshe da ya kamata a zarga, ba ta farko ba.

Daga ƙarshe dai kakannin da suka bar kalmar "waya" a cikin wayar iska ba su yi kuskure ba. Iskar 'yar kaɗan ce, daga hannunka zuwa akwati ko zuwa ƙarfe. Daga nan waya ce zalla: zaren gilashi binne a ƙasa, ya bi hanyar Kandi da Parakou har Kwatano, ya shiga teku. Igiyar SAT-3 ta fara aiki a 2002, kuma Nijar, da ba ta da teku, ta daɗe tana shan wani kaso na intanet ɗinta ta wannan hanya. Da igiyar ta samu matsala a Yulin 2009, Benin da Togo da Nijar da Najeriya duk sun ji a jikinsu. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaban Kodebuwa, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa. Ranar 28 ga Afrilu 2019 kuma, ranar zaɓen 'yan majalisa, ba teku ba ce, katse intanet ɗin ƙasar aka yi. Ko Starlink mai tauraron ɗan'adam, da ya shigo Benin a ƙarshen 2023, farantinsa da igiya yake cin wuta, in "kuran", wato lantarki, ya ɗauke ba batir, ya yi shiru kamar kowa. A irin waɗannan ranaku wayar kowa lafiyarta ƙalau, kuma kowa "ba rezo" yake cewa.

Dattijon ya tambayi kuɗin aiki, saurayin ya ce ba komai, shi kuwa ya laluba aljihu ya ajiye masa manyan albasa biyu a kan teburi. Mai karatu, in ka sauka Malanville wayarka ta yi shiru, kafin ka miƙa ta ga mai sukuru, tambayi na kusa da kai ko tasa tana yi, kuma wane layi gare shi. In layinku ɗaya ne tasa ma ba ta yi, mayar da taka aljihu ka ci kasuwarka.